Rubutun da Ke Bayan Hoto

Yayana mai gina shafukan intanet ne. Ni ƙanwarsa ce, abokiyar aikinsa, in kuma shi ka tambaya zai ce maka ni ce jarabawar da Allah ya ɗora masa. Shi ke rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi har shafi ya tsaya da ƙafarsa. Ni ke zaɓen launi da girman rubutu da inda kowane hoto zai zauna. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon gyaran firij: tebur biyu, fanka mai kuka, da taga da ba ta rufuwa sai an kai mata duka. Ina ce masa Yaya, yana ce min Masifatu. Sunan bai taɓa ɓata min rai ba, don ba sharri ya yi min ba.

Ba zan ja ku da nisa ba. Yaya ya makance yana tsakiyar ƙarfinsa, kuma abin da ya fi ba shi tsoro ba duhun ba ne. Kujerar nan ta gaban kwamfuta yake tsoron a ɗaga shi daga kanta, a kai shi gida a ajiye, a yi ta yi masa sannu har ƙarshen ransa.

Kujerar kuwa ba gadonta ya yi ba, ba kuma a makaranta aka ba shi ba. Babanmu direban bas ne. Da Yaya ya gama sakandare sai ya kama aiki a wani shagon buga takardu, yana taifin da fotokofi. Da tsakar rana kasuwa kan mutu, mai shagon ya jingina da bango ya hau gyangyaɗi, shi kuwa Yaya ya buɗe shafukan mutane ya leƙa cikinsu ya ga yadda aka ɗinka su. Ya kwafa, ya ɓata, ya sake. Mama takan ce yaron nan zai kashe idonsa a gaban gilashin nan. Likita ya rantse mana kwamfuta ba ruwanta, amma har gobe Mama ba ta yarda ba.

Abin da ya raba shi da sauran masu sana'ar, kan kasuwa gare shi. Wanda ya fara ba shi aiki wani mai kantin takalma ne, ya ce shi shafi yake so mai walƙiya irin na manyan kamfanoni, da kiɗa in an buɗe. Yaya ya ce to. Sai ya nemi benci ya zauna a kantin tun safe har rana ta take, ko kwamfuta bai buɗe ba. Duk wanda ya bugo waya tambayarsa ɗaya: akwai lambar ƙafata? Mai kantin ya ajiye waya, ya hau tsani, ya birkita kwalaye, ya sauko yana haki ya ce babu. Yaya ya gina masa shafi fari fat, ba kiɗa ba walƙiya, ka sa lambar ƙafarka ya nuna maka abin da ke akwai. Mutumin ya kumbura da farko, wai an raina masa hankali. Da gwiwarsa ta huta da tsani, shi da kansa ya riƙa jawo mana maƙwabtansa.

Daga nan Yaya ya samo karatun da ya ishi kowa da shi: kar ka tambayi mutum wane irin shafi yake so, zauna a shagonsa ka ji tambayar da ya gaji da amsawa. In 'yan'uwansa masu rubuta kod suka hawo ofis da zumuɗi, wai sun ƙirƙiro manhajar da za ta girgiza duniya, sai ya bar su su gama zuba, sannan ya ce, "Faɗa min mutum ɗaya, da sunansa, wanda zai yi kuka in manhajar nan ta mutu gobe." In suka hau sosa ƙeya ya ce su je su nemo shi tukuna. Wasu ba su sake gaishe shi ba.

Ni na shigo ne ta hanyar faɗa, kamar yadda nake shiga komai. Na ga shafin da ya yi wa wani asibitin haƙori, jan rubutu a kan kore shar. Na ce, "Haba Yaya, mutum na fama da haƙori za ka ƙara masa ciwon ido?" Ya ce in na iya in zo in yi. Na zo, ban kuma tafi ba. A kan idona ya yi aure, a kan idona matarsa, wadda nake ce wa Anti, ta haifa masa 'ya mace 'yar mitsitsiya. Ya ɗauke ta a tafin hannu ya ce wannan ai ɗigo ce, kuma a sana'arsu ɗigo ɗaya in ya ɓace shafi duka ke rushewa. Sunan ya bi ta, har malamanta Ɗigo suke ce mata.

Kowane gwani da inda yake masa yoyo. Na Yaya gaggawa ce. A bayan kowane hoto da ke shafin intanet akwai wani ɗan gurbi da ake rubuta abin da ke cikin hoton. Mai ido ba ya ganinsa. An yi shi ne don wanda ba ya gani, saboda na'urarsa ta karanta masa. In ka bar gurbin ba komai, manhajar da Yaya ke duba aiki da ita sai ta yi ta kunna masa jan gargaɗi. To don ya rufe mata baki, sai ya riƙa cusa kalma biyu a ciki ya wuce: zan gyara. Na taɓa leƙawa ta kafaɗarsa na tambaye shi, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wa zai gani?"

Ciwon ya shigo a hankali, ta gefe. Ya fara karo da bakin tebur ɗin da ya shekara da shekaru a wuri ɗaya. Ya ƙara girman rubutu a allonsa, ya sake ƙarawa. Sannan ya fara ce min launukana sun dushe, na ce launukana lafiyarsu ƙalau, shi ne dai ya tashi da neman magana. Ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi ya ture shi kan kibod, ban yi masifa ba, gabana ne ya faɗi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci daga gefe, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Ya tambaya ko akwai wanda ya rasa ido a gidanmu. Muka kalli juna. Baba ya ƙare rayuwarsa ana ja masa hannu, mu duk mun ɗauka tsufa ne. Aka yi maganin ɗigawa, aka yi aiki, aka yi addu'a. Ciwon ya ɗan ja birki, sannan ya ci gaba da tafiyarsa har ya gama.

Watannin da ya yi a gida su ne mafi muni. Masu dubiya su cika falo, su yi ta magana a kansa yana zaune kamar ba ya nan. Anti, baiwar Allah, saboda so ta hana shi ko zuba ruwa a kofi. Wani kawunmu ya ja ni gefe ya ce in nemi wani mai kod in ɗauka, shi kuma Yaya a kafa masa ɗan tebur a ƙofar gida ya riƙa sayar da katin waya don kar zama ya yi masa yawa. Wallahi ban san lokacin da na ce, "Kawu, ido ya rasa, ba ƙwaƙwalwa ba!" Mama ta ce ba ni da kunya. Yaya da ke falo ya ji komai, kuma washegari ya sa rigar aikinsa ya ce in riƙe masa hannu mu tafi.

Akwai manhajar da ke karanta wa makaho duk abin da ke kan allo da murya. Muka sa masa ita. Muryar mace ce mai sanyi, ba ta gajiya, ba ta jin kunya, abin da ta tarar shi take faɗa, Hausarta kuma kamar ta mai ruwan zafi a baki. Yaya ya sa mata suna Aku. Ya ture maus, ɗan linzamin nan na kwamfuta, gefe, tunda ba shi da sauran amfani a wurinsa, ya ce zai fara koyon yawo da kibod a wurin da ya sani kamar yunwar cikinsa, wato shafin mai takalma.

Ya danna. Aku ta karanta sunan kantin. Ya yi murmushi, karo na farko tun da aka sallame shi daga asibiti. Ya sake dannawa.

"Hoto. Zan gyara," in ji Aku.

Ya danna.

"Hoto. Zan gyara."

"Hoto. Zan gyara. Hoto. Zan gyara."

Kantin takalma ne, hoto ne daga sama har ƙasa. Ya rufe ya buɗe na asibitin haƙori, ya buɗe na wata makaranta, ya buɗe na mai sayar da tayoyi. Ko'ina muryar nan tana bin sa da alkawarinsa. Ya sauke hannuwansa kan cinya, fanka na kuka a samanmu. Can ya ce, "Masifatu, duk shekarun nan akwai waɗanda suka shigo gidajen da na gina suna lalube, ni kuma abin da na ce musu ke nan." Hawaye ya zubo masa. Ban taɓa tunanin idon da ya mutu yana hawaye ba, na juya na fita baranda na yi nawa kukan a can.

Koyon ya ba shi wuya, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ke duban allo sau ɗaya ya gano inda kuskure yake, yanzu sai ya bi layi bayan layi da kunne, Aku na kiran kowace baka da kowane ɗigo. Kansa ya yi ta ciwo. Amma kod magana ce a jere, kuma kunne na iya bin magana. Sannu a hankali ya ƙara wa Aku sauri, har ta kai ni ba na gane abin da take cewa, shi kuwa yana gyaɗa kai yana bugawa. Abu ɗaya ne kunne ba zai ba shi ba: yadda shafin ya fito a ido.

A nan tausayin mutane ya so ya kashe shi. Shafin farko da ya gama da hannunsa bayan makanta, Anti ta zo ofis ta kawo masa abinci, mai gyaran firij ma ya hawo yi masa barka. Yaya ya juya musu allon yana ɗoki ya ce, "Yaya kuka gani?" Rubutu ya hau kan hoto, maɓallin da za a danna ya gudu ƙarshen allo rabinsa a waje. Anti ta ce, "Kai, ya yi kyau!" Mai firij ya ce tunda yake bai taɓa ganin irinsa ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Na ce, "Bai yi ba. Rubutu ya haye hoto, maɓalli ya fice ta dama. Ko kyauta ba mai karɓar wannan."

Anti ta zabga min harara kamar ta cinye ni ɗanya. Yaya ya jira sai da suka sauka. Sannan ya juyo da kujerarsa wajen muryata.

"Masifatu, saurara. A gida kowa ya zama mai daɗin baki. In na zubar da miya a riga, sai a ce ba komai. In na sa takalmi ƙafa daban-daban, sai a ce sun dace. Ban san kuma me ke gaskiya a gidana ba. Aikin nan ba zai yiwu a haka ba. Idona a kan allon nan ke ce. Ranar da kika ga abu a kansa kika faɗa min wani abu daban, ko kika rage don kar in ji zafi, ranar na tashi daga kujerar nan, don ban san kuma abin da nake ginawa ba. Kin ji?"

Na ce, "Ni da ka sani? Ai sai dai ka roƙe ni in yi shiru."

Ya ce, "To Alhamdu lillahi. Yau masifarki ta yi rana."

Kan kasuwar nan nasa kuwa ciwo bai taɓa shi ba. Bai tsaya a nadama ba, sai ya mai da ita haja. Ya sa na riƙa kai shi wurin tsofaffin abokan cinikinmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye kwamfuta a gabansu, ya kashe hasken allon, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kantinka. Saya min takalmi." Sai ya saki Aku. Mai takalma ya ji "zan gyara" har ya fara gumi, ya ce wane ɗan iska ne ya yi wannan aikin? Yaya ya ce, "Ni ne. Kuma ni zan gyara. Makaho ma yana da ƙafa, tsoho mai raunin ido ma yana da ƙafa, duk ƙofarka suke zuwa su koma." Gyaran tsofaffin shafukan ya ce hakki ne a wuyansa, ba ciniki ba ne. Amma labari ya bazu. Asibitoci da makarantu da ƙungiyoyi suka fara hawo matakalarmu suna neman shafin da kowa zai iya shiga, mai ido da marar ido. Da ana cewa gani ya kori ji. Yaya ya ce a ofishinsa ji ne ya kori gani.

Haka muka samu sabon tsarin aiki. In buɗe hoto in rubuta abin da na gani a gurbin nan na baya, Aku ta karanta masa, shi kuma ya yi min gyara. Kuma mugun malami ne. Ba ya son "kyakkyawa", ba ya son "mai ban sha'awa". Ya ce wannan ra'ayina ne, in riƙe kayana, shi abin da ke wurin yake so, kar a ƙara kar a rage.

"Mace tana murmushi a kujerar likitan haƙori," in ji Aku.

"Murmushi ko yaƙe?" in ji Yaya.

Na ƙara duba hoton. "Yaƙe ne."

"To rubuta yaƙe."

"Yaya, talla ce fa!"

"To ki ce su aiko hoton da take murmushin gaske."

Mun yi faɗa a kan ko rigar wani shuɗiya ce ko ruwan toka har mai firij ya hawo rabo. Amma na ga yayana ya dawo. Ya koma tsokana, ya koma korar masu manhajar girgiza duniya. Abin da ya rage masa na gani ya koma yatsunsa. Kullum in an tashi daga makaranta Ɗigo takan biyo ofis ta jira mu tafi tare, ta faɗa jikinsa, shi kuma ya bi fuskarta da yatsu, goshi, gira, hanci, kumatu, ya ce yau an sha rana, ko yau an yi kuka, wa ya taɓa min ke?

Ana nan, wata rana Anti ta same ni a kicin ɗinsu ta rufo ƙofa. Ta ce malamar su Ɗigo ta lura yarinyar ba ta ganin allo daga baya, an kai ta asibiti, an ba ta tabarau. Likita ya ce ba ciwon ubanta ba ne, rashin ganin nesa ne irin na yara da yawa, sai dai saboda tarihin gidan a riƙa kawo ta ana aunawa. Anti na magana tana kuka. Ta ce, "Kin san shi. Ba zai ji rabin maganar ba, zai ce shi ya ba ta. Yanzu ya fara dariya, don Allah kar ki rushe min shi." Na ce mata wannan ba daidai ba ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta kama hannuna ta haɗa ni da Allah. Na ce to, gida nata ne, ba zan shiga tsakaninta da mijinta in kai masa magana ba. Amma na faɗa mata a fili: ofis ba gidanta ba ne, in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba.

Bai tambaya ba, don ba shi da dalilin tambaya. Zangon karatu ya yi nisa a haka.

Makarantar su Ɗigo tana cikin masu ba mu aiki. Bayan bikin ba da kyaututtuka, mai makarantar ta aiko mana da hotuna a sa a shafinsu. Da rana ne, an kusa tashi daga makaranta. Muna ta bi ɗaya bayan ɗaya: shugabar makaranta a gaban makirfo, iyaye a kan fararen kujeru, yara a layi. Na buɗe na gaba, sai ga Ɗigo ta cika allon, ta rungume kyautar lissafi, tana dariya har da giɓinta. Tabarau a fuskarta raɗau.

Hannuna ya tsaya a kan kibod.

"Kin yi shiru," in ji Yaya. "Hoton bai buɗe ba ne?"

"Ya buɗe. Ɗigo ce, da kyautarta."

"Allahu akbar!" Ya gyara zama, fuskarsa ta washe. "Rubuta min ita, Masifatu. Rubuta a hankali, kar ki bar komai."

Kalma biyu ce kawai: da tabarau. In na ƙi rubuta su, babu mai ido a duniya da zai sani, shi ma ba zai sani ba. Anti za ta gode min, Yaya zai koma gida yana fara'a. Kuma daga ranar duk abin da na ce masa yana kan allo, ni na san akwai wanda na taɓa ragewa, kujerar da yake kai ta zama ta wasan yara, muna lallaɓa shi a kanta kamar yadda ake yi masa a falo. Na ji haushin Anti, na ji haushin mai makaranta, na ji haushin kaina da wannan bakin nawa da ya yi alkawari da saurin tsiya. Na rubuta. Na ce masa na gama.

Ya danna.

"Hoto," in ji Aku. "Yarinya cikin farar rigar makaranta, sanye da tabarau, tana dariya, ta rungume littafi mai jan ƙyalle."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, a hankali ya janye. Ya sake dannawa, Aku ta maimaita masa da muryar nan tata da ba ruwanta. Ya rage mata sauri ya sake ji.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon zangon nan. Yaya, ba irin naka ba ne. Likita ya auna, ya ce rashin ganin nesa ne kawai. Wallahi da irin naka ne da na faɗa maka irin naka ne."

"Na sani," ya ce. "Ke kam na sani."

Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya tambayi me ya sa Anti ta ɓoye. Bai yi ba. Ya ɗaga hannuwansa biyu yana murza yatsunsa a hankali.

"Kullum ina taɓa fuskarta, Masifatu. Kullum. Ban taɓa jin su ba." Ya sauke hannuwan. "Cirewa take yi kafin ta zo wurina ke nan. Yarinya ƙarama, an koya mata ta riƙa ɓoye idonta don kar ubanta ya ji ciwo."

Haka ne kuwa. Ni shaida ce, a bakin ƙofar nan take tsayawa kullum ta zare su ta cusa a aljihun jaka.

Muna zaune a haka muka ji takunta a matakala, tana hawowa da gudu kamar yadda ta saba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki. Ta kai hannu fuska ta zare su.

"Ɗigo," in ji Yaya. "Mayar da su."

Yarinyar ta daskare. Ta kalle ni, idonta ya ciko. Na gyaɗa mata kai.

"Mayar da su, uwata. Zo in gani."

Ta mayar. Ta tako a hankali, ba da gudun nan nata ba, ta tsaya tsakanin gwiwoyinsa. Ya ɗora yatsunsa a goshinta, ya sauko gira, ya ci karo da ƙarfen. Ya bi shi ta gefe har bayan kunne, ya dawo, ya zagaye gilashin dama, ya zagaye na hagu.

"Kina ganin allo da su?"

"Har daga bencin baya, Baba."

"To kar ki ƙara cire su saboda ni. Ko barci kike so ki yi da su, ki yi."

Ta fashe da kuka ta cusa kai a ƙirjinsa, tabaran suka karkace. Ya gyara mata zamansu a kan hanci da kansa. Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya share fuskarsa da bayan hannu, ya jawo kujerarsa gaban tebur, ya lalubo kibod.

"Masifatu, masu zagaye ne. Ba ki rubuta masu zagaye ba."

Na rubuta masu zagaye.